Yadda ake daidaita farfela bayan an canza aksul na baya a a-kori-kura

Abin da na fi gani a garejojin Sakkwato shi ne a sayo aksul na Beljiyam, a ɗaure shi, farfela (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul) ta shiga, noti ya kama, sai a ce aiki ya ƙare. Mako guda mai mota ya dawo da kara a ƙasa ko giyabos na yoyon mai. Shigar farfela daban, daidaituwarta daban.

Tun kafin ka biya kuɗin aksul, je da tsohon filanji, wato faifan ƙarfen da ake ɗaure farfela da aksul a kansa, a hannunka ka gwada ramukan noti huɗun nan. Ko a Hilux, tazarar ramukan tana bambanta daga wani samfuri zuwa wani. Kada ka yarda a faɗaɗa rami da dirili. Canza filanji ya fi, kuma in ka kwance babban notin tsakiya, yi masa alama ka mayar da shi inda yake, don matse shi fiye da ƙima yana kashe boris. In motar mai ja huɗu ce, lissafin haƙoran baya dole ya zo ɗaya da na gaba. Bar taya ɗaya a ƙasa, juya ɗayar sau 2, ka ƙirga juyin filanji. Zai ba ka kusan 4.1 ko 4.3 ko 4.56.

Yanzu ga wurin da yaran gareji ke faɗuwa, wato awon tsawon farfela. Suna aunawa mota na kan jak, tayoyi na lilo. Wannan awon ƙarya ne, domin aksul ya sauka ya yi nisa da giyabos. Sauke motar ta tsaya da ƙafafunta a shimfiɗaɗɗen wuri marar tudu ko gangara, yu-bol masu riƙe aksul da sifirin a ɗaure, santa-bol na tsakiyar sifirin ya zauna a raminsa, sannan ka ɗauko tef. Hancin sabon aksul, inda filanji ke zama, na iya fin na tsohon tsawo da santimita 2 ko 3, kuma ido ba ya ganin wannan.

Farfela tana da wurin zamewa, inda haƙora ke shiga cikin juna don ta ƙaru ko ta ragu yayin da sifirin ke aiki. Tura shi har ƙurya, ka jawo shi waje kamar inci 1. A nan ya kamata filanji ya haɗu da ɗan'uwansa. In sai da ka danna da ƙarfi kafin ta shiga, ta yi tsawo, kuma ranar da aka ɗora buhunan albasa daga Goronyo motar ta faɗa rami, giyabos ne zai sha dukan. In kuma rabin haƙoran na waje, ta yi gajarta, za ta yi rawa, wata rana ta zare a kan hanyar Illela. Ni ba na sakin mota sai na sa an ɗora mata kaya na sake leƙawa. Masu ƙara ganyen sifirin don lodi, ku ƙara kafin awo, don yana ɗaga motar.

In sai an yanke, kai wa tona, wato mai injin feƙe ƙarfe, ba mai waldar bakin titi ba. Ya fi tsada, amma kuɗin bai kai rabin na giyabos ba. Kunnuwan kuros (gaɓar da farfela ke lanƙwasawa) na gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, shi ya sa ake zana alama da fenti kafin a raba.

Sauran mai sauƙi ne. Duba hancin aksul, karkatarsa ta yi daidai da ta giyabos, in ya kalli sama da yawa a sa siririn ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya ƙarƙashin sifirin. Buga giris a kuros, zuba man aksul, cire iskar birki. Fita titi a hankali, ka ƙara gudu zuwa 80, ka saurari ƙasan kujera. In akwai rawa, koma kan kuros tukuna.