Kurakuran da aka fi yi wajen aika gyara ga Git da warware gwajin da ya fadi

Daga cikin matasan Hausawa masu karatun kwamfuta a Jidda da Madina akwai masu sha'awar sa hannu a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da ake yi wa lambobin manhaja, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a shekarar 2005, kuma Junio Hamano yake kula da ita tun daga wannan shekarar. Ƙofa a buɗe take, amma gyare-gyare da dama suna maƙalewa saboda kurakuran da za a iya kauce musu.

Mafi muni shi ne mutum ya ga gwaji, wato ɗan shirin da ke duba ko manhajar tana aiki daidai, ya faɗi, sai ya sauya gwajin ko ya goge shi domin komai ya wuce. Gwajin da ya faɗi yana sanar da kai ne cewa wani abu ya karye, kuma rufe masa baki ba ya gyara abin. A Git gwaje-gwajen suna cikin jakar t, kowanne da lambarsa, don haka sai ka gudanar da wanda ya faɗi shi kaɗai tare da -v domin ganin bayani dalla-dalla, da -i domin ya tsaya a faɗuwar farko. Daga nan ka koma reshen master, wato babban layin aikin Git, ba tare da gyaranka ba, ka sake gwadawa. Idan can ma ya faɗi, matsalar ta riga ka zuwa, kuma umarnin git bisect zai raba tarihin gida biyu sau da sau har ya nuna canjin da ya kawo ta.

Akwai kuma gwajin da yake wucewa yau ya faɗi gobe. Maimaita shi har ya wuce ba magani ba ne, domin zai faɗi a hannun wani. Zaɓin --stress yana gudanar da shi sau da yawa a lokaci guda har ɓoyayyen lahanin ya fito fili.

Mazauna Saudiyya su lura da agogo da harshe. Ƙasar tana gaban agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa 3, saboda haka daga sha biyun dare zuwa ƙarfe uku kwanan watan kwamfutarka ya bambanta da na UTC, kuma kwamfutar da aka saita da Larabci tana iya fitar da saƙonni dabam da waɗanda gwajin yake jira. Git ya toshe wannan kafa ta hanyar daidaita agogo da harshe kafin gwaji ya fara, amma a wata manhajar wajibi ne marubucin gwajin ya yi hakan da kansa. Sai kuma alamar && da ake haɗa umarnai da ita a gwaje-gwajen Git: idan ta ɓace a layi ɗaya, umarni zai iya faɗuwa ba tare da an gane ba.

Ta fuskar haɗin kai, kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa gyare-gyare masu yawa cikin faci ɗaya, wato ƙunshin canjin da ake aikawa a duba, har mai dubawa ya rasa ta inda zai kama. Kowane faci ya ɗauki magana ɗaya, da taƙaitaccen kanu, da bayanin dalilin canjin, da layin Signed-off-by, wato sa hannun mai aikowa. Kafin ka fara aiki, duba rassan next da seen, inda ake ajiye gyare-gyaren da ba su shiga master ba tukuna, ko wani ya riga ya ɗauki wannan matsalar.

Idan an yi maka gyara, amsa kowace magana cikin ladabi, sannan ka aiko da sabon zubi mai alamar v2 da bayanin abin da ya sauya. Hutun mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar, alhali yawancin masu dubawa suna hutawa Asabar da Lahadi, don haka facin da ka aika da daren Alhamis zai iya kaiwa Litinin kafin a waiwaye shi, kuma bai kamata ka sake aiko shi a tsakanin nan ba.