Kurakuran da gidajen rediyonmu suke yi a kakar zaɓen fidda gwani

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramin gidan rediyo ya san shirin da muke yi wa ranar babban zaɓe: a zuba mai a janareta, a raba wakilai rumfa-rumfa, a kwana a ofis. Amma a watannin da jam'iyyu suke tarukansu na mazaɓu da ƙananan hukumomi, suna zaɓen shugabanni suna tsayar da 'yan takara, sai mu sakar wa sojojin baka, masu yi wa 'yan siyasa yaƙin baki a rediyo, fili. Wannan ne uban kurakuranmu, domin sunan da talaka zai tarar a takardar ƙuri'a tun a lokacin aka gama yanke shi, wani sa'in a filin firamare, wani sa'in a falon wani babba.

Mutanen Zamfara sun ga haka da idonsu. Ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke duk kujerun da APC ta ci a jihar, daga na gwamna har na 'yan majalisa, saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Da haka Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Mutane sun sha rana a layi, amma abin da ya faru watanni kafin nan shi ya yanke hukunci.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa jam'iyya sanar da INEC kwana 21 kafin irin waɗannan taruka, don haka ranakun ba sirri ba ne. A nemo su a liƙa a ɗakin labarai. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, ba tashar da za ta iya zuwa ko'ina. A zaɓi waɗanda muryar tashar take kaiwa, a samu malamin makaranta ko ɗalibi mai waya wanda ba ya cikin kowane tsagi, a ba shi tambayoyi kaɗan. An yi taron kuwa? A ina, ƙarfe nawa? Jami'in INEC ya zo? An ƙirga mutane ne, ko sunaye aka karanto daga takarda aka watse? Amsar ta ƙarshen nan kaɗai labari ce.

Sai kuma gaggawar cewa "an zaɓi wane". A watan Oktoban 2021 APC ta yi taro biyu a Kano a rana ɗaya: tsagin Gwamna Ganduje ya fitar da Abdullahi Abbas, tsagin Sanata Shekarau ya fitar da Ahmadu Haruna Zago. Babbar kotu a Abuja ta ba ɓangaren Shekarau gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɓangaren Ganduje a 2022. Tashar da ta naɗa wa ɗayansu rawani tun ranar farko ta shiga rigimar ba tare da ta sani ba. Abin da ya dace shi ne a faɗi wanda ya kira taron, inda aka yi shi, ko kwamitin uwar jam'iyya ya halarta, ko INEC ta sa ido. Idan magana ta je kotu, a riƙa faɗin haka duk lokacin da aka ambaci muƙamin, ko da masu sauraro sun gaji da ji.

Akwai kuskuren harshe da yake damuna ƙwarai. Wanda ya sayi fom mai neman takara ne. Ba ya zama ɗan takara sai jam'iyya ta tsayar da shi. Idan muka kira shi ɗan takara tun yana liƙa fasta, mun yi masa kamfe kyauta, mun kuma karya gwiwar abokan nemansa. Haka kalmar maslaha. Muna karanta "an yi maslaha" kamar an ɗaura aure kowa ya shafa fatiha, alhali dokar 2022 ta ce sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta amincewarsu da janyewa. A kira kowannensu a tambaye shi: ka sa hannu? Kuma a tuna doka tana canzawa. A 2022 daliget na dindindin, irin su tsofaffin gwamnoni da 'yan majalisa, ba su kaɗa ƙuri'a ba saboda yadda aka rubuta sashe na 84. Kafin kowace kaka, edita ya nemo dokar da take aiki a lokacin da kuma ƙa'idar kowace jam'iyya, 'yar tinƙe za a yi ko maslaha ko wata hanya, ya zauna da ma'aikata su karanta tare.

Maganar sojojin baka tana da nauyi, kuma ba na zargin tashar da take sayar da fili. Dizal da albashi ba sa jiran kowa. Laifin shi ne a bar mai sauraro ya kasa bambance labari da talla. Shirin da aka biya a faɗi wanda ya ɗauki nauyinsa a farko, a tsakiya, da ƙarshe. Muryar da take karanta labarai kada ta koma tana yabon ɗan siyasa bayan minti goma, domin tsohuwar da take sauraro a tsakar gida muryar ta amince wa. A naɗi irin waɗannan shirye-shirye a saurara kafin a saka. Zagin iyaye, ƙazafi, da habaicin da zai iya tunzura 'yan daba a yanke su. In abu ya ɓaci, tashar ce NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, za ta tuhuma. Wanda aka zarga kuma a neme shi ya mayar da martani ba tare da an ce ya biya ba. Shi ma kuɗin motar da ake miƙa wa wakili bayan taro, gara tasha ta ɗauki nauyin zirga-zirgarsa ko da na adaidaita ne.

Muna kuma raina kujerar kansila da ta ciyaman, har wasunmu suna cewa INEC ce take shirya zaɓensu, alhali a jihohi aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, kamar KANSIEC a Kano. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar da ta kamata a yi wa mai neman ciyaman ta ƙara nauyi. A bar tambayarsa wane ne ubangidansa. A ambaci asibitin sha-ka-tafi na mazaɓar da sunansa, da famfon da ya lalace, da kwatar da take ambaliya duk damina, a ce ya faɗi abin da zai yi da kuma yaushe.

Shirin kiran waya ma yana ruɗinmu. Mutum goma masu kati su ne suke kira kullum, mu kuma mu ce "jama'a sun ce". Matan aure ba kasafai suke samun layi ba. A buɗe lambar WhatsApp don saƙon murya, a tura wakiliya Islamiyyar matan aure da asibiti ranar awo ta naɗo tambayoyinsu, a saka wa masu neman takara su amsa kai tsaye. Amsoshin a adana su da suna da kwanan wata, a kwamfuta da kuma wani wurin daban, don a sake saka wa wanda ya ci zaɓen idan ya cika shekara a ofis.