Yadda za ka fesa maganin fumfuna ba tare da ka kashe ƙasar garkarka ba

Ƴan uwa masu noman rani a Mirya da Gidimuni da Matamaye, dan Allah mu yi hattara da feshin nan. Maganin da ke kashe fumfunar ganyen tumatir bai san mai kyau da marar kyau ba, kuma cikin ƙasa akwai wata fumfuna mai amfani, masana na ce mata mikoriza, tana manne da saiwa kamar zare siriri tana jawo ma shuka fosfor, wani sinadarin abincin shuka, da ruwa daga inda saiwar ba ta kai ba. Ƙasarmu ta jigawa dama fosfor ɗin ya yi mata ƙaranci, to in ka kashe wannan me ya rage?

Kafin ka cika famfo, fara tabbatar cutar fumfuna ce. Ganye ya yi rawaya ba lallai cuta ba ce, wani lokaci yunwar taki ce ko ruwa ya yi yawa. Tsinko ganyen ka kai ma malamin gona ya duba.

In feshin ya zama dole, bi awon da ke jikin leda, kar ka ƙara wai don ya yi ƙarfi. Fesa kan ganye da safe ko da marece lokacin da babu iska, ka tsaya kafin ya fara ɗiga ƙasa, kuma kar ka yi ban ruwa ta sama nan take, wanke shi za ka yi ya gangara gindin shuka. Magungunan da ke da jan ƙarfe a ciki su na fi tsoro wallahi, don jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake cikin ƙasa shekara bayan shekara, yana cutar da tana da sauran ƙananan halittu. Ragowar ruwan famfo kuma kar a juye shi cikin fangali ko kusa da rijiya.

Maganin haɗa iri na gero da dawa, saboda burtuntuna, wannan kaɗan ne ke shiga ƙasa, ya fi feshin gona gaba ɗaya sauƙi.

Kana son ganin ko ƙasarka na da rai? Tumɓuke wake ko gyaɗa guda lokacin fure, ka duba ƴan ƙulle-ƙullen saiwar, ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, ƙwayoyin da ke kamo ma shuka azot, wani abincinta, daga iska suna aiki. In babu su ko sun yi fari, rage magani, zuba takin dabbobi da ya ruɓe sosai, kuma kar ka maimaita tumatir a fangali ɗaya baɗi, sa albasa ko masara.