Yadda Matashin Kano Zai Mayar da Wasan Harbi na Bidiyo Sana'a

Wasannin harbi na bidiyo sun daɗe da wuce matsayin abin kashe lokaci. Gasar Esports World Cup da aka fara a birnin Riyad na Saudiyya a 2024 ta ware kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60, kuma akwai 'yan wasan da ke karɓar albashi daga ƙungiyoyinsu duk wata kamar 'yan ƙwallo. Matashin da ke Fagge ko Gwale yana iya sa ƙafa a wannan hanya, amma ya kamata ya san cewa abin da zai fara kayar da shi kayan aiki ne, tun kafin a zo maganar iya saiti.

Matakin farko shi ne ka zaɓi wasa ɗaya ka tsaya a kansa. Counter-Strike 2 na kamfanin Valve da Valorant na Riot Games wasannin kwamfuta ne da ake bugawa biyar da biyar, kuma suna buƙatar na'ura mai tsada da wutar da ba ta yankewa. A ganina, wanda yake Kano ya fi dacewa ya fara da na waya, wato PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty: Mobile, domin a nan ne zai fi samun abokan karawa da ƙananan gasanni a cikin Nijeriya.

Daga nan sai batun waya da intanet, wanda shi ne ƙashin bayan lamarin. Idan ka shiga kasuwar Farm Centre, kada kyawun kyamara ya ruɗe ka. Ka tambayi ƙarfin injin wayar da yawan hotunan da take iya nunawa a daƙiƙa ɗaya, domin mai wasa da hoto 90 a daƙiƙa yana ganin motsin abokin gaba sumul fiye da mai wasa da 30. Ka kuma yi la'akari da zafin Kano. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, waya takan rage gudun injinta da kanta don kada ta lalace, sai ka ga wasa yana tsinkewa ana tsakiyar artabu. Maganinsa shi ne ƙaramar fankar sanyaya waya, da cire rigar wayar, da guje wa wasa tana kan caji. Shi kuwa jinkirin intanet, da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Yawancin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke shigowa Nijeriya a gabar Legas suke sauka, kuma yawancin cibiyoyin wasannin nan, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, suna wajen ƙasar, don haka harsashinka kan yi doguwar tafiya kafin a lissafa shi. Ka gwada layuka daban-daban a unguwarku, a sa'o'i daban-daban, ka rubuta wanda ya fi daidaito. Layin da jinkirinsa ke tsaye wuri guda ya fi wanda ke hawa da sauka, ko da na biyun yakan fi sauri jefi-jefi.

Atisaye kuwa ba yawan sa'o'i ba ne kawai. Ka ware lokaci na gyaran saiti da danne girgizar bindiga, sannan ka riƙa ɗaukar wasanninka kana sake kallo, kana tambayar kanka dalilin kowace mutuwa. Mafi yawan lokuta za ka tarar mummunan wurin tsayawa ne ya kashe ka, ba rashin saurin yatsa ba.

Ba a zama ƙwararre shi kaɗai. A PUBG Mobile mutum huɗu ne tawaga, kuma kowa da aikinsa: akwai jagoran da ke yanke shawarar inda za a sauka da lokacin da za a kai hari, akwai mai kutsawa gaba, da maharbin nesa, da mai tallafi. Ƙungiyoyi sun fi neman wanda ke bayar da bayani gajere kuma daidai a kan wanda ke kashe mutum goma amma ba ya jin magana. Ku tsara karawar gwaji da wasu tawagogi a lokacin da bai ci karo da salla ko karatu ba, ku shiga kowace gasar share fage da aka buɗe, kuma ku adana sakamakonku, domin shi ne takardar shaidarku.

Ka nisanci manhajojin maguɗi da sayar da wasa. A 2015 Valve ya haramta wa wasu 'yan wasan Arewacin Amurka shiga gasanninsa saboda sun faɗi wasa da gangan don cin kuɗin caca, ita kuma caca dama haramun ce a addini.

Game da kuɗi, kyautar gasa ba abin dogaro ba ce. Ka buɗe shafi a YouTube ko TikTok kana sa wasanninka da sharhi cikin Hausa, wanda fage ne da har yanzu bai cika ba. Idan wata ƙungiya ta kawo maka kwantiragi, ka kai wa lauya ko wani babba mai ilimi ya duba tsawon wa'adinsa, da kason da za su cira daga kyautarka, da sharaɗin barinsu. Iyaye kuma a zauna da su tun farko a nuna musu jadawali, kada a bar makaranta ko koyon sana'a, domin da yawa daga cikin 'yan wasan nan sukan ajiye gasa kafin su cika shekara 30, su koma koyarwa ko sharhi ko shirya gasa.