Yadda ake ɗora inabi kan rumfa da yi masa aski a ƙasa mai zafi

Jama'a masu sha'awar noman inabi, abu na farko da ya kamata ku gane shi ne kurangar inabi asalinta ta ƙasashen sanyi ce, can idan sanyi ya shigo sai ta zubar da ganye ta yi barcinta, in lokaci ya yi ta farka ta tofo gaba ɗaya. Mu nan ba ta samun wannan hutun, in ka ƙyale ta haka za ta yi ta zuba ganye da rassa shekara ta zagayo babu 'ya'yan kirki. To almakashinka ne zai yi mata aikin da sanyi ke yi. Manoman Nashik a jihar Maharashtra ta Indiya sun daɗe da gane haka, suna aski sau biyu a shekara su girbe sau ɗaya, kuma damina da ranin su sun yi kusa da namu, shi ya sa tsarin ke zama daidai a wurare irin su Kudan ta jihar Kaduna inda noman inabi ya kankama.

Shekarar farko ka manta da maganar 'ya'ya. Ka kafa sanda kusa da dashen, ka zaɓi toho ɗaya tak mafi ƙarfi ka riƙa ɗaure shi yana hawa, kar ka matse ɗaurin, duk wani toho da ya fito a gefe ka cire da hannu tun yana ƙarami. Rumfar wayar ta kai kamar mita 2 don mutum ya shiga ƙarƙashi ya yi aiki a tsaye. Idan kan kurangar ya kusa taɓa waya sai ka datse shi, zai fitar da rassa, ka bar biyu, ɗaya dama ɗaya hagu a kan waya, su ne hannuwan da komai zai fita daga jikinsu har tsawon rayuwar gonar. Wasu na yin tsarin da ya buɗe kamar harafin Y, iska ta fi ratsawa kuma feshi ya fi sauƙi, amma ni a rana irin tamu na fi son rumfa saboda tana kare 'ya'yan daga ƙuna.

Askin farko bayan girbi ake yi, wajen Afrilu. Nan ba sani ba sabo, duk reshen da ya ba da 'ya'ya ka yanke shi ka bar ido ɗaya ko biyu a gindinsa, wato gaɓar da toho ke fitowa, gonar za ta koma kamar an yi mata kwalkwabo, kar ka ji tsoro. Wannan askin na gina sababbin rassa ne. Kuma a nan ne yawancin mutane ke yin asara ba su sani ba, domin gungun 'ya'yan da za ka girba a rani mai zuwa a cikin idanun waɗannan sababbin rassan yake ƙulluwa, kamar kwana 45 zuwa 60 bayan askin, kuma sai idon ya samu hasken rana sosai yake ƙulla 'ya'ya, idan inuwa ta rufe shi sai ya ba ka wannan ɗan zaren da ke nannaɗe waya kawai. Saboda haka in toho ya fito da yawa ka rage, ka jera rassan a kan waya kar wani ya hau wani, ka rage takin yuriya a lokacin don shi ganye yake turawa. Da rana tsaka ka shiga ƙarƙashin rumfar ka duba ƙasa, in kana ganin ɗigo-ɗigon hasken rana to lafiya, in duhu ne ɗumɗum ganyen ya yi yawa.

Damina kuma lokacin yaƙi da cutar fangas ce, wadda ke sa ganye ya yi ɗigon rawaya a sama da farin gari a ƙasa. Rumfar da ta cushe ba ta bushewa da wuri bayan ruwa, maganin feshi ma ba ya shiga ciki, ka ga kuɗinka ya tafi a banza.

Aski na biyu shi ne na 'ya'ya, wajen Oktoba in ruwa ya ɗauke. Ka zaɓi rassan da suka nuna suka koma ruwan ƙasa, masu kauri kamar fensir, sirara da ɗanyu ka cire su. Yawan idon da za ka bari ya danganta da iri, akwai mai ba da 'ya'ya tun daga ido na biyu ko na uku, amma irin Thompson Seedless idanunsa na gindi ba su cika haihuwa ba, sai ka bar masa reshe mai tsawo, ido 6 zuwa 8. Ka tambayi wanda ya sayar maka da dashen sunan irin kafin ka taɓa almakashi. A cire ganyen da ya rage a jikin reshen, a yanka kaɗan sama da ido, almakashin ya zama mai kaifi kuma a riƙa goge shi da sifirit in an tashi daga kuranga mai ciwo.

Da yake babu sanyin da zai tayar da idanun tare, ana shafa wa idanu biyu ko uku na ƙarshen kowane reshe maganin Dormex cikin kwana biyu bayan aski. Guba ne fa, yana ƙona fata, a sa safar hannu da takunkumi, kar a ba yara aikin.

In toho ya fito ka cire wanda ba ya ɗauke da gungu in ya yi cunkoso, mai gungun kuma ka bar masa ganye 10 zuwa 12 a gabansa sannan ka tsinke kan, ganyen nan su ke yin sukarin. Kar kwaɗayi ya sa ka bar kowane gungu, kurangar da ka yi wa lodi 'ya'yanta ƙanana za su fito da tsami. Daga wannan askin zuwa girbi wata huɗu ne ko da ɗoriya, wanda ya yi a tsakiyar Oktoba ya sa ran yanka wajen Fabrairu.