Neman shiga sororiti a jami'ar Amurka: shirin da sabuwar ɗaliba za ta yi da wuraren da ake tuntuɓe

Sororiti ƙungiya ce ta ɗalibai mata zalla a jami'o'in Amurka da Kanada, mai suna da haruffan Girka biyu ko uku, irin su Chi Omega ko Alpha Delta Pi, wadda asalinta ya faro tun 1851 a garin Macon na jihar Jojiya. Kowace tana da hedikwata ta ƙasa da rassa a jami'o'i, kuma a manyan jami'o'i kusan kowane reshe yana da nasa gida, inda mambobi ke cin abinci, wasu ma su kwana. Iyaye a gida da zarar sun ji haruffan Girka da bikin rantsarwa sai gabansu ya faɗi, su tuna da 'yan ƙungiyar asiri. Ba su ba ne. Waɗannan jami'a ta san da su, akwai ofishin da ke sa musu ido, suna kuma tara kuɗi don ayyukan taimako a bainar jama'a. Sai dai suna da tsada, suna cin lokaci, kuma hanyar shigarsu tana ƙarewa ne da sa hannu a takardar da za ta ɗaure ki.

Tsarin da ake magana a nan shi ne na ƙungiyoyi 26 da ke ƙarƙashin National Panhellenic Conference, wadda aka kafa a 1902. Su ne ke yin makon ɗaukar sababbi da ɗalibai ke kira "rush", wanda bidiyoyin Jami'ar Alabama suka yayata a TikTok a 2021.

Kafin ki bar gida

Fara da sanin lokaci. Jami'o'in kudu irin Alabama suna yi ne a watan Agusta, kafin a fara darasi. Wasu, kamar Indiana, Vanderbilt da Cornell, sai Janairu, bayan ɗaliba ta gama zango ɗaya. Idan naku na Agusta ne, rajista tana buɗewa tun watanni kafin nan a shafin majalisar Panhellenic ta jami'ar, wato wadda ke haɗa rassan waɗannan ƙungiyoyi, kuma idan ta rufe ta rufe. Kuɗin rajista yawanci ba a mayarwa.

Ɗalibar da ke tahowa daga Najeriya ko Nijar tana da ƙarin abubuwa a gabanta. Bizar F-1 ba ta ba ki damar shiga Amurka sai saura kwana 30 ko ƙasa da haka kafin ranar fara karatu da ke kan takardar I-20 da jami'a ke aiko miki, don haka ki daidaita tikitin jirgi da ranar farko ta makon. Ɗakin kwanan ɗalibai ba ya buɗewa da wuri sai ga wadda ta nemi izini, wani lokaci da ƙarin kuɗi. Sannan taron wayar da kan ɗaliban ƙasashen waje, wanda wajibi ne, yakan faɗo a mako guda da wannan. Ki rubuta wa ofishin Panhellenic da na ɗaliban ƙasashen waje tun da wuri. Uzurin da aka sanar a rubuce kafin lokaci ana karɓarsa, amma wadda ta ƙi bayyana a gidan da aka gayyace ta ba tare da sanarwa ba, ana iya cire ta daga tsarin baki ɗaya.

Sai maki. Kowane reshe yana da mafi ƙarancin GPA, wato matsakaicin maki, da yake karɓa, galibi tsakanin 2.5 da 3.0 bisa ma'aunin 4.0, kuma wadda ta gaza ana zubar da sunanta tun zagayen farko komai daɗin hirarta. Sakamakon WAEC ko NECO ba a kan wannan ma'auni yake ba. Ki tambayi ofishin Panhellenic yadda suke son a juya shi, kada ki bar gurbin babu komai, kada kuma ki ƙirƙiri lamba da kanki. Wasiƙar shaida daga tsohuwar mamba a da ita ce babbar katanga ga wadda ba ta da kowa, amma ƙungiyoyi da dama sun mayar da ita ta ganin dama, wasu kuma suna barin malami ya rubuta ko ke ki gabatar da kanki a shafinsu. Haka fifikon da ake ba 'ya'ya da ƙannen tsofaffin mambobi, da yawa sun soke shi daga 2020. Ki duba shafin kowace ɗaya, ki kuma share Instagram da TikTok ɗinki daga duk abin da ba ki so baƙo ya gani, domin ana leƙawa.

Maganar kuɗi ki gama ta da wanda ke biya miki makaranta tun kafin rajista. A jami'ar da rassa ba su da gida, kuɗin zango yakan tsaya a ɗaruruwan daloli. Inda akwai manyan gidaje da kicin, dubbai ne, kuma zangon farko ya fi kowanne nauyi saboda kuɗin sabuwar shiga, na rantsarwa da na baje. Tallafin karatu ba kasafai yake ɗaukar wannan ba, ga shi mai F-1 ba ta wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, a cikin jami'a kawai. Ki rubuta iyakar abin da za ki iya biya ki riƙe a ranki.

Yadda makon yake tafiya

Ranar farko za a sa ki cikin rukuni ƙarƙashin jagora, wadda a wasu jami'o'i ake ce wa Rho Gamma, a wasu Pi Chi ko Gamma Chi. Mamba ce ta ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, amma ta ɓoye sunan tata har ƙarshen mako don kada ta yi son kai. Ita ce ke riƙe da jadawalinki, duk wata matsala gare ta za ki kai.

Zagaye huɗu ne a mafi yawan wurare. A na farko kina ziyartar kowane reshe, minti ashirin ko talatin kowanne, wasu jami'o'in kuma sun mayar da shi bidiyo. Na biyu na aikin taimako ne: Delta Delta Delta za su yi miki bayanin asibitin yara na St. Jude, Zeta Tau Alpha maganar cutar dajin mama, Chi Omega gidauniyar Make-A-Wish. Na uku na zumunci ne, a nan ko a na biyu ake zagayawa da ke cikin gida a nuna miki takardar kuɗi. Na ƙarshe shi ne na zaɓi, gida biyu kacal a mafi yawan jami'o'i, kusan awa ɗaya kowanne, da shiga ta alfarma da waƙoƙi a hankali, wasu har da hawaye. Adadin gidajen raguwa yake yi kullum. A jami'a mai rassa 12, misali, zai iya zama 12, sai 8, sai 5, sai 2.

A bakin ƙofa za ku yi layi, a buɗe, ki tarar da mata sama da ɗari suna tafi da rera waƙa. Ɗaya za ta ɗauke ki zuwa kujera, bayan 'yan mintoci wata ta zo ta karɓe ta, sai wata. Ba gajiya suka yi da ke ba, tsari ne don mutum uku ko huɗu su san ki, domin bayan kun fita kowace za ta ba ki maki. Hayaniyar ɗakin tana sa a ɗaga murya, zuwa rana ta uku murya ta dushe. Ki tanadi ruwa, alawar maƙogwaro, filasta da takalmi mara tsini na tafiya tsakanin gidaje, ga kuma ƙaramin littafi. Da fitowarki daga kowane gida ki rubuta layi biyu, wa kika gani, me kuka ce, yaya kika ji. In ba haka ba, da yamma duk gidajen za su cakuɗe miki.

A hira, amsa mai nama ta fi gajeren "eh". Za a tambaye ki garinku, fanninki da abin da kike yi in ba karatu. Cewa daga Kano ko Zinder kika taso ya ishi buɗe hira. An saba guje wa maganar samari, giya, siyasa, dukiyar iyaye da muhawarar addini. Kada ki kushe wani reshe a gaban wani, kada kuma ki ce "ku kaɗai nake so". Duk mambar da ta yi miki alkawarin gurbi ta karya doka, kuma ba ta da ikon cikawa.

Tambaya kan yadda za ki yi addininki a cikinsu ba muhawara ba ce, kuma zagaye na uku ne wurinta. Idan musulma ce ke, hijabi ba ya hana shiga, rigar da ake rabawa a zagayen farko kuwa sai ki sa mai dogon hannu a ciki. Ki gaya wa jagora lokutan azahar da la'asar tun ranar farko ta nema miki wuri. Ki tambayi reshe ko abincin gida dole ne a biya, ko mai dafawa yana ware na marasa cin naman alade. Giya haramun ce a gidajen waɗannan ƙungiyoyi da ma makon ɗauka, amma liyafar da ake yi a waje da ƙungiyoyin maza da ita ake yi, don haka ki ji waɗanne taruka ne wajibi, nawa ne tarar wadda ba ta zo ba. Da yawa cikin ƙungiyoyin Kiristoci ne suka kafa su, bikin rantsarwar wasu yana ɗauke da addu'a ko karatu daga Baibul. Ba za su faɗa miki sirrin bikin ba, amma za su iya amsa ko akwai abin da zai saɓa wa imaninki. Reshen da ya yi ta kewaye-kewaye a wannan tambaya ya riga ya ba ki amsa.

Lissafin da ke bayan labule

Kowace yamma za ki jera rassan bisa son ranki, su ma su jera ku, kwamfuta ta haɗa. Abin da yawancin sababbi ba su sani ba shi ne akwai ƙa'idar da ke ƙayyade wa kowane reshe yawan waɗanda zai sake gayyata, bisa yadda aka riƙa karɓar gayyatarsa a shekarun baya. Reshen da kowa ke rububi ana tilasta masa ya saki mutane da yawa tun da wuri, don kada ya riƙe mata har ƙarshe alhali ba shi da gurbinsu. Saboda haka idan gari ya waye kika ga gidajen da aka fi yabo sun ɓace daga jadawalinki, lissafi ne ya fi yawa a ciki. A wannan safiyar ce mata da yawa ke fushi su janye, kuma ita ce babbar hanyar fita hannu rabbana. Ki je duk inda aka gayyace ki, ko da wanda kika sa a ƙarshe ne. Wadda za ki haɗu da ita yau ba ita ce ta jiya ba. Jerin "manyan gidaje" da "ƙananan gidaje" da ake yaɗawa a intanet kuwa, waɗanda ba su sa sunansu ba ne ke rubuta shi.

Bayan zagayen zaɓi za a ba ki takardar da ake kira MRABA, wato yarjejeniyar karɓar tayin zama mamba. Ki karanta ta a natse. Duk reshen da kika rubuta, kin amince za ki karɓi tayinsa. Idan aka haɗa ki da shi kika ƙi, ba ki da damar shiga wata ƙungiya a wannan jami'a sai makon ɗauka na shekara mai zuwa. Idan gida biyu kika je kika rubuta ɗaya tak, rubuta shi shi kaɗai ba ya ƙara miki matsayi a jerinsu ko da taki ɗaya. In gurbinsu ya cika kafin a iso sunanki, kin tashi a tutar babu. Wadda ta je duk gayyatarta ta kuma rubuta duka biyun, ita ce ake iya ƙarawa a kan adadin reshe idan lissafi bai haɗa ta da kowa ba. To, idan za ki iya zama da na biyun, rubuta shi. Idan kin tabbata kuɗinsa ko yanayinsa ba zai yiwu ba, bar shi, domin wadda ba a haɗa ta da kowa ba tana da sauran dama, wadda ta ƙi tayi kuwa ta rufe wa kanta ƙofa. Daga sa hannu zuwa rabon tayi an hana magana tsakaninki da mambobi, har ta waya.

Kashegari a raba ambulan mai ɗauke da tayin, a buɗe tare, kowa ta ruga gidan reshen da ya ɗauke ta. Wadda ba ta samu ba jagora ce ke kiranta tun kafin taron, kuma wani lokaci reshen da bai cika adadinsa ba yakan kira da tayin gaggawa a 'yan sa'o'in nan, don haka ki bar wayarki a kunne. Bayan haka akwai ɗauka ta bayan fage a tsawon shekara: rassan da ke da gurbi suna gayyatar mutum shan kofi ko cin abinci, babu layi babu waƙa. Ki sa sunanki a ofishin Panhellenic. Ga mai kunya, wannan hanya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, illa dai ba kowane reshe ne ke da gurbi ba.

Karɓar tayi ba shi ne rantsarwa ba. Akwai makonni, galibi shida zuwa takwas, na koyon tarihi da dokoki, a nan ne kuma ake haɗa ki da wata babba da za ta zama yayarki a ƙungiya. Idan za ki fita, wannan ne lokacin, domin wadda aka rantsar a ɗaya daga cikin 26 ɗin ba ta shiga wata har abada, ko ta sauya jami'a. Ki tambayi ko kwana a gidan wajibi ne a shekara ta biyu kafin ki sa hannu a hayar wani ɗaki. Duk wanda ya tilasta miki shan wani abu, hana barci ko wulaƙanci da sunan gwaji, laifi ne a dokar mafi yawan jihohi, kuma dokar tarayya ta Disamba 2024 ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan rahotanni. Ki kai ƙara ofishin kula da ɗalibai.

Ƙungiyoyin da baƙaƙen fata suka kafa hanyarsu daban ce, ba sa cikin wannan mako. Alpha Kappa Alpha ta 1908, wadda Kamala Harris mamba ce, Delta Sigma Theta ta 1913 da Zeta Phi Beta ta 1920 duk a Jami'ar Howard aka kafa su, Sigma Gamma Rho kuwa a Butler a 1922. Ba sa ɗaukar wadda ba ta gama aƙalla zango ɗaya da maki mai kyau ba, wasu rassan sai shekara ta biyu. Ana halartar tarukansu da ayyukan sa-kai, a jira sanarwar taron masu sha'awa, ba a yawo ana shelar wadda ake so, ba a kuma nema biyu a lokaci guda. Ba sa karɓar wadda aka riga aka rantsar a ɗaya daga cikin waɗancan 26 ɗin, don haka mai sha'awarsu kada ta yi gaggawar rantsuwa a Agusta. Akwai kuma na musulmi, irin Mu Delta Alpha da ta faro a Jami'ar Texas da ke Dallas, sai dai rassansu kaɗan ne. Ki duba jerin ƙungiyoyin jami'arki ki ga ko akwai.