Yadda Ake Haɗa Garin Siliket Mai Haske a Duhu

Garin Sr2MgSi2O7 (siliket na sitirontiyom da magniziyom) da aka sanya wa ɗan sinadaran ƙarfe na yurofiyom da disfurosiyom yana shan haske, sannan ya riƙa fitar da shuɗin haske na tsawon sa'o'i a cikin duhu. Bai kai garin aluminet na sitirontiyom (wani garin mai haske a duhu) ƙarfin haske ba, amma ya fi shi jure ruwa.

A auna SrCO3 (kabonet na sitirontiyom) da MgO (oksaid na magniziyom) da SiO2 (silika) masu tsafta bisa lissafin mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) 2:1:2. A ƙara Eu2O3 da Dy2O3 (oksaid na yurofiyom da na disfurosiyom) kaɗan, abin da bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na sitirontiyom ba, domin idan yurofiyom ya yi yawa hasken dushewa yake yi. Ɗan H3BO3 (borik asid) yana sauƙaƙa haɗuwar sinadaran. A niƙa su da etanol har su yi laushi, kuma mai niƙan ya sanya takunkumi saboda ƙurar silika.

A zuba garin a kaskon alumina, a gasa shi a zafin digiri 1200 zuwa 1300 na Salshiyos kamar sa'a uku. Muhimmin abu a nan shi ne iskar cikin tanderun: dole ta kasance naitirojin mai ɗauke da haidirojin kashi 5 cikin ɗari, domin ita ce ke mayar da yurofiyom daga siffar Eu3+ zuwa Eu2+, wanda shi ke ba da shuɗin hasken. Kada a tsayar da iskar sai tanderun ya huce.

Bayan an sake niƙawa, a haska garin da fitilar UV. Idan ja ya fito maimakon shuɗi, iskar oksijin ta shiga, sai a maimaita gashin.